Yadda ake raya ƙungiyar 'yan rediyon sha'awa a yanki: daga zaman mako zuwa gyaran eriya

Da zarar mutum biyar ko shida masu son harkar rediyo sun san juna a yanki guda, zancen da ke fara fitowa shi ne na rifita, wato tashar nan da ake kafawa a kan tudu ko dogon bene don ta karɓi muryar mutum ta sake cilla ta nesa. Wa zai ba da wuri, nawa za a tara, wace iri za a saya. A ganina wannan yana cikin abubuwan ƙarshe da ya kamata a taɓa. Ƙungiya tana tsayuwa ne da abu biyu: lokaci tsayayye da kowa ya san in ya kunna rediyonsa zai ji 'yan'uwa, da kuma mutanen da za su zauna da sabon shiga har su gano abin da ya hana muryarsa fita. In babu waɗannan, rifitar za ta zauna a kan tudu tana cin wuta, ba mai magana a kanta.

Doka tukuna

Harkar rediyon sha'awa, wadda duniya ta fi sani da sunan ham, ba gidan rediyo ba ce mai watsa labarai da waƙoƙi. Mutane ne masu lasisi da ke magana da juna kai tsaye ta iska, suna koyon fasaha, suna gwaje-gwaje, ba don neman kuɗi ba. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, mai hedikwata a Geneva, ita ta ware musu zanguna, wato yankunan firikwansin da za su yi magana a kai, kuma sashe na 25 na dokokinta na rediyo shi ne ya fayyace iyakarsu: ba a kasuwanci a kan iska, ba a lulluɓe magana don a ɓoye ma'anarta, kuma tilas kowace tasha ta riƙa faɗar alamar kiranta a kai a kai. Kowace ƙasa kuma tana da hukumarta mai ba da lasisi da alamar kira, wadda farkonta ke nuna ƙasar: F na Faransa, G na Ingila, JA na Japan, 5N na Najeriya.

ITU ta raba duniya gida uku. Yanki na 1 ya ƙunshi Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya da arewacin Asiya, na 2 nahiyoyin Amurka, na 3 sauran Asiya da Ostireliya da tsibiran da ke kewaye. Wannan rabo yana da tasiri a aikin yau da gobe. Zangon mita 2 (da tsawon igiyar rediyo ake sa wa zanguna suna) a Yanki na 1 daga 144 zuwa 146 MHz yake, amma a Amurka ya kai 148. Zangon mita 40 a Yanki na 1 yana ƙarewa a 7.2 MHz, a Amurka sai 7.3. Wanda ya kwafo jerin tashoshi daga bidiyon wani ɗan Amurka ya zuba a rediyonsa zai iya tsintar kansa a wajen zangonsa bai sani ba. Saboda haka takarda ta farko da ƙungiya za ta buga ta raba ita ce tsarin zanguna na yankinta, wanda ƙungiyar 'yan rediyon sha'awa ta duniya, IARU, ke fitarwa, a gwama shi da sharuɗɗan lasisin ƙasa. Inda suka saɓa, dokar ƙasa ake bi.

Wani abin da ya kamata a faɗa wa kowane sabo tun ranar farko: ƙananan oba-oba da suka cika kasuwa suna iya magana a wuraren da ba na 'yan sha'awa ba, har da na jami'an tsaro da na jiragen ruwa. Iyawar na'ura ba izini ba ne.

Masu jiran lasisi

Kada a bar su zaune. Sauraro shi ne rabin karatun, kuma wanda ke da kwamfuta ko waya zai iya farawa yau ta shafukan WebSDR, irin na Jami'ar Twente da ke ƙasar Holan, inda mutum zai juya tashoshin gajeren zango ta intanet. Akwai kuma 'yar na'urar nan RTL-SDR da ake soka wa kwamfuta, tana kama daga kusan 24 MHz zuwa sama da 1,700. A ba kowane ɗalibi aiki: ya saurari zangon mita 20 na rabin awa, ya rubuto alamomin kira goma da ya ji, ya nemo ƙasashensu. Da haka kunnensa zai saba da Alfa, Bravo, Charlie, kalmomin da ake harrafa alamar kira da su, ya gane cewa QTH wurin da mutum yake ne, QRM kutsen wata tasha, 73 kuma sallama.

Tun bayan taron ITU na 2003 ba a tilasta wa ƙasashe su gwada masu neman lasisi a kan rubutun Morse, don haka yawancin jarrabawa ta tsaya a kan doka, lissafin lantarki na farko, eriya da kiyaye lafiya. Ajin awa biyu a mako ya isa, muddin rabinsa na taɓa kaya ne da hannu.

Zaman mako a kan iska

Wannan zama, da ake kira net, shi ne ƙashin bayan ƙungiya. A zaɓi rana ɗaya da lokaci ɗaya da firikwansi ɗaya, kada a riƙa sauyawa don wani ya yi tafiya. Ko mutum biyu ne suka fito, a buɗe a kan lokaci, a rufe yadda aka saba. Wanda ya kunna sau biyu ya ji shiru, da wuya ya kunna na uku.

In membobi suna kusa da juna, a fara da zangon mita 2 kai tsaye, ba rifita. A Yanki na 1, 145.500 MHz wurin kira ne kawai: a kira a can, a koma wata tasha da ba kowa a ci gaba da hira. A irin wannan zango tsawon sanda ya fi ƙarfin wat amfani, domin igiyar rediyo tana tafiya ne kusan iyakar ganin ido. Akwai lissafi mai sauƙi: a nemo tushen murabba'i na tsayin eriya a mita, a ninka da 4.1, abin da ya fito shi ne nisan a kilomita. Eriya mai tsayin mita 9 za ta kai kusan kilomita 12. In ɗaya ɓangaren ma haka yake, sai a haɗa ya zama 24, matuƙar ba tsauni a tsakani.

In kuwa yankin mai faɗi ne, garuruwa a warwatse, gajeren zango ne mafita: mita 40 da rana, mita 80 da dare, domin da rana ɓangaren ƙasa na sararin sama yana shanye igiyar mita 80 kafin ta yi nisa. A waɗannan biyun da salon aika murya na SSB ake magana, wanda ke da saiti biyu: LSB a nan, sama da 10 MHz kuma USB. Sabo da ya ce yana jin muryoyi amma ba ya gane ko kalma ɗaya, yawanci maɓallin nan ne ya juya.

Kowane zama yana da mai jagora, kuma duk magana ta hannunsa take bi. Zai fara da tambayar ko akwai mai amfani da tashar, ya saurara, ya sake tambaya. Sai ya faɗi alamar kiransa da sunan zaman, ya ce:

"Kafin mu fara, akwai mai saƙon gaggawa? Ina saurare."

Bayan ɗan shiru sai ya kira masu tafiya a mota da masu oba-oba na hannu, saboda su ne batirinsu ke saurin ƙarewa, sannan tashoshin gida. Kowa alamar kiransa kawai zai faɗa a zagayen farko, mai jagora ya rubuta, ya maimaita jerin, ya tambaya ko akwai wanda bai ji ba. Nan ne ake gane amfanin jama'a, don sau da yawa wani zai ce, "Ɗan'uwa, akwai tasha daga gabas tana kiranka, ni ina jinta, bari in isar maka." A zagaye na biyu ne kowa ke samun minti ɗaya ko biyu.

Abin da na fi so a dage a kai shi ne gaskiya wajen ba da rahoton sigina. Ana ba da lamba biyu: ta farko daga 1 zuwa 5 don yadda ake fahimtar magana, ta biyu daga 1 zuwa 9 don ƙarfi. Mutane sun saba cewa 59 ga kowa don kara, alhali sun sa mutum ya maimaita sunansa sau uku. Wannan kara cutarwa ce. Wanda aka ce wa 43 yau, ya gyara eriyarsa, aka ce masa 57 mako mai zuwa, ya san aikinsa ya yi kyau. Mai jagora ya rubuta waɗannan lambobi a kundi tare da kwanan wata da lokaci a agogon UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya. Bayan wata uku kundin zai nuna wa ke jin wa, ina ne ramin da sigina ba ya shiga, kuma tashar wa ke raguwa a hankali tun kafin mai ita ya lura.

A riƙa karɓa-karɓa a jagoranci. Sabon mai lasisi ma a ba shi, da takardar da aka rubuta kalaman buɗewa da rufewa, wani tsohon hannu yana gefe. Ƙananan ladubba kuma a koya su tun wuri: danna maɓalli, ka ɗan dakata, sannan ka yi magana, don kada farkon kalmarka ya yanke, ka bar tazara tsakanin magana da magana saboda mai son shigowa, ka riƙe oba-oba a tsaye, domin eriyoyin FM a tsaye suke, kwantar da ita na iya zubar da mafi yawan siginar.

Teburin taimako: a auna kafin a yi zato

Sau ɗaya a wata a haɗu ido da ido da kayan awo. Ba sai da yawa ba: maltimita, ma'aunin SWR (lambar da ke nuna yawan ƙarfin da eriya ke mayarwa baya) mai nuna wat, dami-lod mai om 50 wanda ke shanye sigina a madadin eriya, guntun kebul da aka tabbatar da lafiyarsa, ƙarfen like da dalma, in da hali kuma NanoVNA, 'yar na'urar auna eriya. Kayan ƙungiya ne, a rubuta sunan duk wanda ya ara.

Ƙorafin da ya fi yawa shi ne "ba a jina". Mai shi kuma ya riga ya yanke hukunci cewa rediyon ce ta lalace. Da wuya ta zama ita ce. Ga jerin da ya kamata a bi, kuma kada a tsallake mataki don wani ya ce ya riga ya duba.

A fara da wuta. Yawancin rediyoyin gida da na mota 13.8 bolt suke so, kuma mai wat 100 tana jan kusan amfiya 20 lokacin magana. A ɗora maltimita a bayan rediyon kanta, ba a kan batir ba, a danna maɓallin magana a ga abin da zai faru. In lambar ta faɗo ƙasa da 12, ko fitilar fuskar rediyon ta dushe, ko ta mutu ta sake tashi, to laifin yana ga siririyar waya, ko gidan fiyus da ya yi tsatsa, ko batir da ya gaji. Batirin da ke nuna 12.6 a zaune zai iya rushewa da an ɗora masa nauyi.

Sai rediyon ita kaɗai. A cire eriya, a haɗa ma'auni da dami-lod da guntun kebul mai lafiya. In ta ba da wat ɗin da ya kamata, an wanke ta. A tuna cewa a SSB allura ba ta motsi sai ana magana, don haka a gwada da FM ko CW, wato salon Morse, a ƙaramin ƙarfi.

Sai kebul, inda yawancin ɓarnar take. A kwance shi daga eriya, a auna tsakanin tsinken tsakiya da garkuwar waje: bai kamata su haɗu ba. Amma a kula, wasu eriyoyi irin su J-pole an gina su ne yadda maltimita zai nuna a haɗe, shi ya sa ake cire eriyar kafin awo. A buɗe kan kebul ɗin da ke waje a duba. In saƙar garkuwar ta yi baƙi ko kore, ruwa ya shiga, kuma yakan bi cikin kebul ya yi nisa. A yi ta yankewa har a kai inda jan ƙarfen ke ƙyalli. Sannan a mayar da dami-lod can ƙarshen kebul ɗin, a auna wat a farkonsa da ƙarshensa. Nan mutane ke shan mamaki. Siririn kebul RG-58 mai tsawon mita 20 yana cinye fiye da rabin ƙarfin a zangon mita 2, ko da sabo ne fil, tamkar mai ɗebo ruwa da bokiti mai huda. A gajeren zango asarar kaɗan ce, ana iya haƙuri da shi, amma a mita 2 da santimita 70 a nemi mai kauri irin RG-213 ko wanda ya fi shi, kuma a taƙaita tsawon.

Sai eriya da SWR. An mayar da wannan lamba abin tsoro fiye da kima. A 1.5 kashi 4 cikin ɗari na ƙarfin da aka aika ne kawai ke dawowa, a 2 kusan kashi 11, a 3 kashi 25. Matsalar ita ce rediyoyin zamani suna rage ƙarfinsu da kansu in lambar ta haura 2 don kare kansu. Wanda ya sami 1.4 ya bar eriyarsa ta huta, kada ya kwana a kan rufi yana neman 1.0. Kuma kyakkyawar lamba ba shaida ba ce: dami-lod yana ba da 1.0 amma ba mai jinsa, haka ruɓaɓɓen kebul yana shanye abin da ya dawo ya nuna lamba mai daɗi. SWR da ya yi kyau daidai wa daida a ko'ina cikin zango mai faɗi abin zargi ne.

Na ƙarshe saiti. Don shiga rifita abu uku ne za su dace: firikwansin da take fitowa, tazarar da ke tsakaninsa da wanda take saurare, da sautin buɗe ƙofa. A mita 2 tazarar 600 kHz ce. Rifitar da ake ji a 145.600 tana saurare a 145.000. Sautin buɗe ƙofar, wato CTCSS, ƙaramin amo ne tsakanin 67 da 254.1 Hz, wasu tsofaffin rifitoci kuma da sautin 1750 Hz ake tada su. Wanda ke jin rifita amma ba ta amsa masa, tazara ce ko sauti. Wanda ake ji amma shi ba ya jin kowa, galibi ya sa sautin a ɓangaren karɓa ne alhali rifitar ba ta fitar da shi. Ƙungiya ta shirya fayil guda na tashoshin yanki a manhajar CHIRP, wadda kyauta ce, a riƙa zuba wa kowa, amma a tsare kowane memba sai ya iya shigar da tasha ɗaya da yatsunsa, saboda ranar da ba kwamfuta.

Doka ɗaya a wannan tebur: mai kayan shi ke riƙe ma'auni. Gwani ya tsaya a bayansa yana tambaya, "Me ka gani? To me kake jin hakan ke nufi?" In gwani ya karɓe ya gyara cikin minti biyar, mutumin zai dawo wata mai zuwa da matsala iri ɗaya. Kuma a canza abu ɗaya a lokaci guda, a rubuta sakamako.

Ranar haɗa eriya

Babu aikin gayya da ya kai wannan koyarwa. Eriyar daifol ta mita 40 waya ce kawai da aka raba biyu. A raba 143 da firikwansi a MHz don samun tsawonta a mita: a 7.1 zai ba da kusan mita 20.1, wato kowane hannu mita 10 da 'yan santimita. A yanka da rara, a ce 10.4, domin ragewa ta fi ƙari sauƙi. Tsinken tsakiyar kebul ya kama hannu ɗaya, garkuwa ta kama ɗayan, a ɗaure bakin wayoyin da abin da ba ya ɗaukar wuta sannan igiya.

A ɗaga ta zuwa inda za ta zauna kafin a auna, don awon da aka yi tana kusa da ƙasa ƙarya ne. A ce NanoVNA ya nuna SWR ya fi sauka a 6.9 MHz. Eriyar ta yi tsawo ke nan. A ninka 10.4 da 6.9, a raba da 7.1, zai ba da kusan 10.1, don haka santimita 30 za a rage a kowane hannu. Kada a yanke, a naɗe rarar a jikin wayar, a sake ɗagawa a auna. A wurin da kebul ya haɗu da eriya a sa abin toshe igiyar da ke biyo bayan garkuwa: zagaye goma zuwa goma sha biyu na siririn kebul a zoben ferait nau'in 31 ko 43. Shi ke hana makirufo ya riƙa jan leɓe kamar wutar lantarki, ya kuma rage hayaniya. A rufe mahaɗin da tef mai narkewa a jikinsa, a bar kebul ya ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ya shiga ɗaki don ruwan sama ya ɗiga a waje.

Ga ƙungiyar yanki akwai wani sirri mai daɗi: ba sai eriyar ta yi sama sosai ba. Daifol da ke tsakanin mita 4 zuwa 10 daga ƙasa tana harba igiyarta sama kusan a miƙe, ta dawo ta rufe kewaye na ɗaruruwan kilomita, har bayan tsaunuka. Ana kiran wannan dabara NVIS. Mai neman wata nahiya zai so tsawo, mai neman garuruwan maƙwabta bai da buƙata.

Maganar rai kuma ba wasa: kada sanda ko waya ta kasance inda in ta faɗi za ta taɓa wayar lantarki, kada mutum ya hau sama shi kaɗai, kada a danna maɓallin magana wani yana riƙe da eriya. In hadari ya taso a cire kebul daga rediyo tun kafin tsawa ta matso.

Hayaniya

Wani lokaci ana jin mutum sarai, shi ne ba ya ji, allurar ƙarfin siginarsa na tsaye a 8 ko 9 ba tare da kowa na magana ba. A ɗora rediyon a kan batir, a kashe wutar gidan gaba ɗaya, har da inbata da na'urar cajin sola. In hayaniyar ta faɗi, ɓarawon yana cikin gida: a riƙa kunna layi ɗaya bayan ɗaya har ta dawo. Cajar waya, ƙwan LED, da inbata su ne aka fi kamawa. In ba ta faɗi ba, a zaga unguwa da ƙaramar rediyon AM. In ta tabbata daga gidan maƙwabci take, a je da fara'a da zoben ferait a hannu, ba da maganar doka ba.

Yanzu a yi maganar rifita

In kundin net ya nuna akwai membobin da tsauni ko nisa ya raba, to buƙata ta tabbata. A nemi izinin hukuma, a daidaita firikwansi da ƙungiyar ƙasa don kada a hau kan wata rifitar. A gwada wurin da rediyon mota na yini guda kafin a yi alkawari da mai gini. Abin da ya fi wuya shi ne duflesa, tankokin ƙarfen da ke ba rifita damar ji da magana lokaci guda a eriya ɗaya alhali tazarar 600 kHz ce kacal. In ba a saita su daidai ba, muryar rifitar za ta toshe kunnenta: kowa zai ji ta da ƙarfi, ita ba ta jin na nesa. Ƙara mata wat ƙara cutar ne. A sa mata agogon da ke yanke mai dogon zance, galibi bayan minti uku, da hanyar kashe ta daga nesa. Mutum biyu aƙalla su san makulli da saitinta, a kuma ajiye bayanin a rubuce. Haɗa ta da EchoLink, tsarin da ke haɗa rifitoci ta intanet, zai kawo baƙi daga nesa, amma wannan hanya da intanet take rayuwa, kada a dogara da ita a shirin gaggawa.

Fita fili

Kalandar duniya ta riga ta tanadi ranaku. Ran 18 ga Afrilu ake bikin ranar rediyon sha'awa, don tunawa da kafa IARU a Paris a 1925. Ƙarshen mako na uku na Oktoba na JOTA ne, inda 'yan sikawut ke gaisawa ta iska tun 1958. 'Yan Amurka da Kanada suna fita fili a ƙarshen mako na huɗu na Yuni. Ƙungiya ta zaɓi biyu ko uku a shekara, ta yi su da kyau.

Abin da ya fi jan yara shi ne farautar ɓoyayyar tasha da eriyar hannu, da kuma tashar sararin samaniya ta ISS, wadda ke zagaya duniya cikin kusan minti 90 a tsayin kilomita 400. Tana magana da makarantu a 145.800 MHz, wani lokaci ta aiko da hotuna, kuma oba-oba na hannu na iya kama ta a cikin 'yan mintocin da take wucewa. Masu son ƙere-ƙere kuma ga QO-100, na'urar 'yan sha'awa da ke kan tauraron ɗan'adam Es'hail-2 na ƙasar Katar da aka harba a 2018. A wuri ɗaya yake tsaye a sama, ana aika masa a 2.4 GHz a karɓa a 10 GHz da faranti irin na talabijin, kuma yana rufe daga gabashin Brazil har Thailand. Mai ƙaramar eriya da hayaniya ta dama ya gwada FT8, hanyar aika gajerun saƙonni ta rediyo da kwamfuta, wadda Joe Taylor da Steve Franke suka fitar a 2017. Tana musayar saƙo duk daƙiƙa 15, don haka in agogon kwamfuta ya kauce fiye da daƙiƙa biyu sai a ga shiru.

Kafin fita a yi lissafin batir. A ɗauka rediyo tana jan amfiya 2 a saurare, 20 a magana, kuma a kowace awa minti 12 ake magana. Hakan ya kama kusan amfiya 5.6 a awa. Batirin dalma mai 100Ah rabinsa kawai ake ci in ana son ya daɗe, wato kusan awa tara. Saukowa daga wat 100 zuwa 25 lamba ɗaya tak yake ragewa a allurar mai saurare, ya kuma ƙara wa batirin awoyi.

Shirin gaggawa

'Yan rediyon sha'awa sun isar da saƙonni bayan girgizar ƙasar Nepal a 2015 da guguwar Maria a Puerto Rico a 2017, lokacin da layukan waya suka faɗi. Amma ba a ranar masifa ake gabatar da kai ga hukumomin agaji ba. A je tun da lafiya, a gaya musu abin da ƙungiya ke iyawa da wanda ba ta iyawa, a tuna cewa aikinta isar da saƙo ne, ba ba da umarni ba. Kowa ya haddace wuraren haɗuwa: 3.760 da 7.110 MHz a Yanki na 1, sai 14.300, 18.160 da 21.360 ga duniya baki ɗaya.

Atisayen kuwa a cikin zaman mako za a saka shi. Sau ɗaya a wata uku a yi net ba rifita, ba wutar gari, kowa a kan batir. Mai jagora ya ba mutum na farko rubutaccen saƙo mai lamba, da sunan mai aikawa da wanda za a kai wa, da lokaci, da adadin kalmomi, a buɗe shi a kuma rufe shi da kalmar "atisaye" don kada mai sauraro ya firgita. Saƙon ya bi ta tasha uku ko huɗu, kowa yana karantawa daidai saurin da hannu ke rubutu, yana harrafa sunaye da lambobi. Na ƙarshe ya karanto abin da ya iso masa, a gwada da na asali kalma da kalma, a rubuta a kundi inda aka sami bambanci da tashar da batirinta ya fara sarewa.